Kwana 12 a Daɗin Kowa: me zan yi a garin surukaina?

Anti, barka da war haka. Ni haifaffiyar garin Bauchi ce, a nan na yi karatu, a nan nake koyarwa. Maigidana ɗan Daɗin Kowa ne ta jihar Gombe. Shekararmu 9 da aure, yaranmu 3, amma sau 2 tak na taɓa kwana a garinsu, shi ma biki ne ya kai ni. Zuwana na ƙarshe kwana 4 na yi, kusan duka a ɗaki da waya a hannu, don ban san kowa ba, shi kuma gari na wayewa zai fice wajen abokansa sai dare. Bayan mun dawo na samu labarin an sa min suna "matar birni", wai ƙyamarsu nake yi. Wallahi ba ƙyama ba ce, rasa abin yi na yi. Yanzu ya ce hutun Disamba can za mu yi, kwana 12. Yara har sun fara ƙorafin babu katun. Don Allah me mutum zai yi a garin manoma har kwana 12? Ko dai in ƙirƙiri wani uzuri?

Wata baiwar Allah, daga Bauchi

Ƙanwata, madalla da kika tambaya tun kafin tafiya, ba sai an dawo ana kumbure-kumbure ba. Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai gajeriyar amsa: kada ki ƙirƙiri uzuri. Uzurin ƙarya a gidan aure ba ya daɗewa bai tonu ba, kuma ranar da ya tonu, sunan nan da aka laƙaba miki ya zauna daram ke nan.

Kin kawo ƙara biyu, kaɗaici da sunan "matar birni". Ni kuwa da na karanta, mai laifi ɗaya na gani, wato ɗakin nan da kika shige. Kina ciki kina cewa ba a kula ki, suna waje suna cewa ba kya son su, kowa na jin nauyin ɗaga labule. Haka kwana 4 suka ƙare.

Amma kafin mu kai Daɗin Kowa, akwai magana da maigida. Mutum ya ɗauko 'yar mutane daga Bauchi, ya kai ta inda ba ta san kowa ba, ya jingine ta kamar buhun masara ya tafi majalisa, sannan a ce ita ce mai girman kai? Da sake. Ki same shi cikin raha, ba ranar tafiya ba, ba kuma a gaban yara ba, ki roƙe shi abu biyu. Washegarin isarku ya zaga da ke gidajen gaisuwa da kansa, ko ya haɗa ki da ƙanwarsa ko faccalarki, a nuna miki gwaggo a nuna miki kawu, ki san wanda ake durƙusa wa har ƙasa da wanda ake wasa da shi. Sannan ya ware yini 2 cikin 12 su zama na iyalinsa, ɗaya na bakin ruwa, ɗaya na gona. Bai yi yawa ba. Ki kuma tambaye shi al'adar gidansu game da fitar mata, don abin gida-gida ne: wani gidan mata na zuwa gona, wani kuwa ko zaure ba a leƙawa sai da dalili. Duk abin da zan faɗa miki nan gaba, a cikin iyakar gidan za ki yi shi.

Kallo tun a hanya zai fara, in kin karɓe waya daga hannun yara. Daga Bauchi zuwa Gombe kilomita 150 ne da 'yan kai, ta Alkaleri. In kun iso gadar Dindima ki ce su leƙa su ga kogin, su kuma riƙe shi a ka. Gongola ke nan. Daga tsaunukan Jos ya gangaro, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya nausa arewa maso gabas har Nafada, a can ya karya kwana ya yiwo kudu. Ku kuma za ku yanke ta cikin Gombe, ku ɗauki hanyar Biu ta Liji da Kwadon, tafiyar da ba ta wuce kilomita 40 ba, ku riske shi a garin kakanninsu inda aka datse shi. Daga nan sai ya wuce madatsar Kiri a Adamawa ya faɗa Binuwai a Numan. Malama ce ke, kin san yadda idon yaro ke yi in ya gano abu da kansa. Ruwan da suka gani a Dindima ya ja baya ya bar rairayi, shi ne za su tarar a gaba ya zama tafki iya ganinka.

Abin da ya fi ruɗa ɗan birni a garin manoma shi ne lokaci. Mu mun saba gari ya fara motsi in an buɗe ofis da makaranta. Can kuwa tsakanin sallar asuba da hantsi ake yin rabin aikin yini. Wanda ya tashi ƙarfe 9 zai tarar da gari fayau ya ce ai babu komai a garin nan, alhali an yi komai an gama yana barci. Da rana tsaka a huta, da la'asar a sake ɗaukar harama. Don haka in za ki riƙe abu ɗaya cikin duk maganata, ki riƙe wannan: ki tashi lokacin da suke tashi. Hunturun bakin ruwa ba wasa ba ne, ki tafi da rigunan sanyi da safa da man shafawa, amma ki fito tsakar gida lokacin da ake hura wuta, ki gaida surukarki tun kafin a aiko a gaishe ki.

Kin ma yi sa'ar wata. A Disamba kaka na naɗe tabarmarta, noman rani na shimfiɗa tasa, duka biyun za ki gani. A gida za ki tarar ana sussukar dawa, ana shiƙar wake, ana ɓarar gyaɗa, an jibge harawa a kan rumfa saboda awaki. Ki jawo kujera 'yar tsugunne ki zauna kusa da tsohuwa ki ce, "Inna, a ba ni faifai in gwada." Za ki zubar. Za su yi dariya har da riƙe ciki. Ki ƙyale su su yi, ki taya su ma, don dariyar nan ce za ta wanke sunan da aka sa miki. Ni kaina zuwana na farko garin surukaina na ɗauki taɓarya da ƙarfin hali wai zan yi surfe. A bugu na uku hatsin ya fantsama, kaji suka yi biki. Har tsohuwar ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta daina ba da labarin ba, amma tun daga ranar ban sake jin ta ce min baƙuwa ba.

Ki yawaita tambaya, amma tambayar mai son sani. Manomi, mace ko namiji, babu abin da ke buɗe bakinsa kamar a tambaye shi sirrin aikinsa. Me ya sa da ake zuba wa wake toka ko barkono, yanzu kuma aka koma buhun nan mai leda a ciki? Za su gaya miki iska ake toshe wa ƙwari su mutu, ba sai an sa guba ba. Ta yaya ake zaɓen zangarniyar da za a ajiye iri na baɗi? Me ake shukawa bayan an cire wannan? Tambaya ɗaya ce kawai ban yarda ki yi ba: buhu nawa aka samu bana. Wannan daidai yake da a tare ki a tsakar gida a tambaye ki albashinki.

Sai lambu, wanda a ganina shi ne idon garin. Daɗin Kowa ta fita daban da yawancin garuruwan noma saboda rani ba ya tsayar da ita. Albarkacin madatsar da gwamnatin tarayya ta gina a shekarun 1980, da fadamar kogin, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fari da hazo, nan kore ne shar. Albasa, tumatir, tattasai, attaruhu, kuɓewa, alayyafo, masarar rani, shinkafa, kowanne da fangalinsa. Ranar gona ku fita da sanyin safiya. Ki sa yara su bi ruwa da ƙafa ta gefensa, ba tare da sun shiga ciki ba, tun daga inda inji ya zuƙo shi, ta cikin tiyo, ya bi lambatu, har inda mai lambu zai sa fartanya ya buɗe bakin wannan fangali ya toshe na baya da laka. Abin kamar wasan ƙasa ne na manya, za ki ga yaron da ke kukan katun ya yi awa guda a tsugune. Ke kuma ki tambayi kuɗin kwandon tumatir a bakin gona, ki gwada da abin da kike biya a kasuwar Muda Lawal. Tazarar da za ki gani ta kuɗin mota ce da 'yan lodi da la'adar dillali, da wanda ya ruɓe a hanya. Daga ranar za ki riƙa yi wa miyarki wani kallo.

Akwai kuma kwalejin tarayya ta koyar da noman lambu a garin, tun 2002. In maigida ya san wani a ciki, a nemi izini a kai yara su ga yadda ake aurar da itace, a yanko reshen mangwaro mai zaƙi a haɗa shi da gindin wani mai jure wahala, a naɗe, su zama ɗaya. In an samu dashe na sayarwa, ki sayi biyu, ɗaya a dasa a gidan kakarsu da hannun babban ɗanki, ɗaya ku taho da shi Bauchi. Kin samar musu abin tambaya a waya ke nan har shekaru.

Madatsar kanta tana 'yan kilomitoci arewa da gari. Daga nan ake tace ruwan da ake tura wa garin Gombe, akwai kuma tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40. Wuri ne mai masu gadi, ba a shigarsa gaba-gaɗi, ba a kuma ɗaga waya a ɗauki hoto sai an tambaya, shi ya sa na ce wannan yinin na maigida ne. Abin da ya fi ginin daɗin kallo a wurina shi ne masunta in sun dawo da safe, ana juye karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa, ana ciniki ana rantse-rantse, hayaƙin banda na tashi a gefe. Ki sayi ɗanye na miyar ranar, ki bar banda sai ana gobe za ku tafi. Kada ki yi cinikin da kanki. Da kin buɗe baki za a ji Bauchi a harshenki, kuɗi ya ƙaru. Ki bar wa ƙanwar miji, ke ki tsaya ki koyi yadda ake yi.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don a nan ba na wasa. Kada yaro ko ɗaya ya shiga ruwan nan, ko na tafki ko na lambatu, komai yawan yaran garin da ya ga suna ninƙaya. Ruwan da ke kwance yana tara 'yan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ta fata take shiga, ba sai an sha ba, sai bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsari. In har wani ya faki idonki ya shiga, kada ki yi ta faɗa, ki dai riƙe a ranki, in kun dawo ki faɗa wa likita, akwai maganinta. Sannan akwai dorina a ruwan yankin, manoma da masuntan wajen Hinna sun san ɓarnarta. Kallonta daga nesa abin labari ne, amma ba dabbar da ake matsawa kusa da ita ba ce, musamman da magariba in ta fito kiwo. Kwale-kwale kuwa, in babu rigar kariya ga kowa da kowa, a haƙura, ko da maigida ya ce tun yana yaro yake shiga.

Lokacin kaka kuma lokacin maciji ne, don ɓera na bin hatsi, shi kuma yana bin ɓera. Kububuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gombe, ai ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Takalmi rufaffe in za a shiga gona, tocila in za a zaga da dare, kuma kada yaro ya cusa hannu cikin tarin kara ko dami. In tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, ba a ɗaurewa tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum sai asibiti, ba a tsaya jiran mai magani ba. Ki saka gidan sauro a kaya, don inda ake ban-ruwa sauro ba ya bin kalandar hunturu. Ba don in tsorata ki na faɗi waɗannan ba. Mutanen garin da su suke rayuwa, sun san kansu, ke ce baƙuwa, an kuwa ce baƙo makahon gari ne.

Da yamma in hazo ya yi sauƙi, ki ce a nuna miki dutsen Bima. Ga malama irinki, darasi ne a tsaye. A 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufo gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gidajensu suka biyo shi, kuma a bakin mutanen wancan zamani sunan dutsen nan na haɗe da zancen bayyanar Mahadi. A Bormi, can arewa wajen Bajoga, a gefen wannan kogin dai na Gongola, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903, a nan ya yi shahada. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda zuriyarsu take har yau. In akwai mota da hali, zuwa Bormi tafiyar yini guda ce mai kyau. In babu, ki nemi dattijo mafi tsufa a gidan ki tambaye shi abin da kakanninsa suka faɗa masa game da dutsen. Abin da za ki ji ba lallai ya yi daidai da na littafi ba. Ki rubuta shi yadda ya faɗa, kada ki gyara masa.

Batun yara kada ya dame ki. Kwana 2 za su yi suna tsaki, a na 3 sai kin aika a nemo miki su. Akwai amalanken shanu, akwai jaki, akwai langa, akwai magarya da kanya da goruba, akwai gasa dankali a toka. Naki kawai ki ja musu layin ruwa da na dare. Bayan isha ki tura su ɗakin kakarsu su roƙi tatsuniya. Yankin Yamaltu da Deba ƙasar Terawa ce tun asali, ga Fulani, ga Hausawa, ga waɗanda ruwa da noma suka jawo daga wurare, sunan garin ma ya faɗi haka. In gidan surukanki suna da wani yare bayan Hausa, ki sa a koya wa yara gaisuwar safe da "na gode" a cikinsa, ke ma ki koya. Tsohuwa ta ji jikanta ɗan Bauchi ya gaishe ta da harshen uwarta, ai an gama da ita.

Kada ki je hannu rabbana, kin sani, amma tsarabar da aka yi tunani a kanta ta fi mai tsada. Turmin atamfa da turare na Inna, goro na tsofaffi, sabulu da man shafawa na matan gida, kuma a kai komai ɗakin surukarki ita ta raba, kada ki raba da kanki. Sannan ki ɗauki tandarki. 'Yar Bauchi ce ke, masa gadonku ce. Ki zaɓi safiya ɗaya ki jiƙa shinkafar garin tun dare, ki toya wa gidan gaba ɗaya, a aika wa maƙwabta. Kin koyi shiƙa a wurinsu, su ma su zo su tsaya a kanki suna tambayar yadda kike haɗa ƙullu. Zama ya fi daɗi in kowa na da abin da zai nuna wa wani.

Waya kuwa, ki bar ta a jaka in kina cikin mutane. In za ki ɗauki hoton mutum ki tambaye shi. Kada kuma ki ɗora hoton murhu ko rumbu a WhatsApp ki rubuta "rayuwar ƙauye" da 'yar dariya, ko da zuciya ɗaya kika yi. Ƙannen mijinki na da lambarki, kafin la'asar an nuna wa Inna.

Sai dai kada ki zaƙe. Ban ce ki zama baiwar gida ba, ban kuma ce ki nuna kin fi faccalolinki ƙwazo ba, wannan wata sabuwar rigima ce za ki saya da kuɗinki. Aiki ɗaya da safe, zama ɗaya da yamma, da rana ki shiga ɗaki ki huta abinki, kowa ma hutawa yake yi. Kada ki binciki wanda ya fara sa miki sunan. In wata ta jefo shi a gabanki cikin wasa, ki yi dariya ki ce ai matar birnin ta zo koyon aiki. Mai yiwuwa ne kuma ki yi duk wannan a samu mutum ɗaya ko biyu da ba za su sake miki fuska ba. Wannan ba naki ba ne, ki gaishe su ki wuce.

Ranar dawowa za a cika muku but da wake da gyaɗa da albasa, wataƙila har da kaza an ɗaure mata ƙafa. Kada ki ce ya yi yawa, kada ki ce akwai a gida. Ki karɓa da hannu biyu, ki sa yara su durƙusa su yi godiya. Bandar kifin ki naɗe ta a takarda, ba a leda ba, don kada ta yi gumi kafin ku kai Alkaleri. In kin huta gajiya ki rubuto min, ina son jin nawa kika tarar da kwandon tumatir a bakin gona.